Andalus da ƙafa: daga magudanar ruwa zuwa fadar sarakuna

Duk wanda ya taɓa zama zauren malami a Maradi ko Damagaram ya san sunayen Andalus, ko da bai san inda ƙasar take ba. Ishiriniyar da ake rerawa lokacin Mauludi, marubucinta Alfazazi haifaffen Kurɗuba ne. Alfiyar da masu nahawu ke hardacewa ta Ibn Malik ce, mutumin Jayyan. Littafin Ashafa da ake karantawa cikin watan azumi na Alƙali Iyal ne, wanda ya taɓa riƙe alƙalancin Garnaɗa. Waɗannan garuruwa suna nan har yau a kudancin ƙasar Espaniya, da sunayen Córdoba, Jaén da Granada, kilometir 14 kawai na ruwan teku ya raba yankin da Maroko a wurin da mashigin ya fi ƙunci.

Kowace shekara mutane fiye da miliyan 2 ke shiga fadar Alhamra ta Garnaɗa. Galibinsu babbar mota ke sauke su, su yi awa uku suna ɗaukar hoto, ta kwashe su zuwa wani gari. Amma akwai wani irin yawon buɗe ido da ya samu karɓuwa a Turai, wanda ke haɗa ziyarar tsofaffin birane da tafiyar ƙasa cikin karkara, tare da ɗan jagora da ƙaramin ayari. Shi muka ga ya dace mu bayyana wa masu karatu, domin mai bin wannan tsari yana ganin abin da ya ɗauki nauyin fadodin, wato gonaki da ruwa.

Yadda ayarin yake

Ayarin yakan ƙunshi mutum 8 zuwa 16, tafiyar kuma mako guda ko kwana goma. Ana taruwa galibi a filin jirgin Malaga. Kwana uku ko huɗu na farko ana yin su cikin ƙauyukan tsauni, ana tafiyar kilometir 10 zuwa 15 a yini, ɗauke da ƴar jaka mai ruwan sha da guzurin rana, manyan kaya kuwa mota ke kai su masauki na gaba. Sauran kwanakin na birane ne: Garnaɗa, Kurɗuba da Ishbiliya, wadda Faransawa ke kira Séville.

Ƙarancin mutanen yana da dalili. Hanyoyin tsauni ƙafar mutum ɗaya suke ɗauka, masaukan ƙauye ɗakunansu kaɗan ne, kuma ɗan jagora ba ya iya lura da wanda ya gaji in mutane sun kai hamsin. Aikinsa kusan na madugu ne a zamanin fatauci: ya san inda ake samun ruwa, ya san lokacin da hadari ke tasowa, shi ne tafinta, shi ke tanadin tikitin shiga wuraren tarihi tun da wuri.

Tsaunin da ake shuka ruwa

Yankin da aka fi bi shi ne Alpujarra, a gangaren kudu na tsaunukan Sierra Nevada. Can ne ƙololuwar Mulhacén take, mai tsawon metir 3.479, wadda ta samo sunanta daga Maulay Hasan, mahaifin sarkin Garnaɗa na ƙarshe. Cikin kwarin Poqueira ƙauyuka uku ne jere bisa juna, Pampaneira, Bubión da Capileira, na ƙarshen yana sama da metir 1.400. Gidajen farare ne da farar ƙasa, rufinsu shimfiɗaɗɗe, an daɓe shi da wani yumɓu mai toka-toka da ba ya yoyo. Wanda ya san ƙauyukan tsaunin Atlas na Maroko zai ga kamannin nan take.

Da an fita ƙauye, hanya takan bi gefen wata ƴar magudanar ruwa, faɗinta bai fi taku ɗaya ba. Mutanen wurin na ce mata acequia, daga kalmar Larabci assaƙiya. Ana iya bin ta awa biyu tana zagaya cikin tsauni da ɗan gangare kaɗan wanda ido ba ya gani, ruwan na tafiya a hankali don kada ya cinye ƙasa. Ƙarƙashinta gonaki ne hawa-hawa kamar matakala, da itatuwan zaitun, ɓaure, rumman da tut. Ganyen tut ɗin nan shi ake ba tsutsar siliki, kuma silikin Alpujarra yana cikin manyan hajojin da suka arzuta masarautar Garnaɗa.

Abin da ya fi ba da mamaki yana can sama, inda itatuwa suka ƙare. Damina a Andalus lokacin sanyi take, rani kuma busasshe ne ƙayau. Dusar ƙanƙarar da ta taru bisa tsauni, in ta narke cikin watannin Afrilu da Mayu, za ta gangara teku cikin ƴan makonni, ta bar manomi hannu wofi daidai lokacin da shuka ke bukata. Manoman zamanin Musulmi sai suka haƙa wasu magudanai da ke janye ruwan daga rafuka, su kai shi wuraren da aka san ƙasa na tsotsewa, su sake shi can da gangan. Ruwan ya nutse, ya bi tsagogin dutse sannu a hankali, bayan makonni ko watanni ya ɓullo a idanun ruwa kusa da ƙauyuka, tsakiyar rani. Mutanen wurin na kiran wannan aiki shuka ruwa. Manoman jihar Tawa da ke haƙa tassa da rabin wata don ruwan sama ya nutse maimakon ya gudu, ba sai an yi musu dogon bayani ba.

Magudana ba ta rayuwa sai da doka. Kowace tana da ƙungiyar masu ban ruwa, kowane mai gona yana da ranarsa da awanninsa, akwai kuma wanda aka ɗora wa buɗe bakin ruwa da rufewa. Kafin narkewar ƙanƙara ana fitowa gayya a kwashe laka da duwatsu. Nan ne matsalar yau take: tun daga shekarun 1960 samari sun yi ta barin ƙauyukan zuwa Barcelona, Faransa da Jamus, magudanai da yawa suka toshe, idanun ruwa suka ƙafe. Daga 2014 masana na jami'ar Garnaɗa tare da masu aikin sa kai da mutanen ƙauyuka sun shiga farfaɗo da wasu daga ciki. Matafiyin da ke kwana a masaukin ƙauye, yana cin abincin wurin, kuɗinsa na taimaka wa ƴan tsirarun da suka rage su zauna.

Garnaɗa

Bayan kwana uku ana bin magudanai, shiga Alhamra ya zama wani abu dabam. Lokacin da Muhammadu ɗan Ahmar, wanda ya kafa gidan sarautar Banu Nasr, ya zaɓi wannan tudu a 1238, babu ruwa bisansa. Sai da aka datse kogin Darro wajen kilometir 6 daga sama, aka jawo magudana, sannan gini ya yiwu. Ita ke shayar da lambun Jannatul Arif, ita ta ciyar da kwamin nan na farfajiyar zakoki, wanda zakokin dutse 12 ke ɗauke da shi, ginin Sarki Muhammadu na Biyar a ƙarni na 14. Bangaye cike suke da rubutun Larabci, taken gidan sarautar kuma, mai cewa babu mai rinjaye sai Allah, an maimaita shi ba adadi. Ran 2 ga Janairu 1492 Sarki Abu Abdullahi, wanda Turawa ke kira Boabdil, ya miƙa mabuɗan birnin ga Fernando da Isabel, shekara 781 bayan ƙetarowar Ɗariƙu ɗan Ziyad a 711.

Ƴan kasuwa su nemi a kai su Corral del Carbón a tsakiyar gari. Masaukin fatake ne na ƙarni na 14: farfajiya da kwamin ruwa a tsakiya don dabbobi, ɗakunan ajiya a ƙasa, na kwana a sama, ƙofa guda da ake rufewa da dare. Harshen Espaniya ma ya riƙe sawun wannan ciniki. Kalmar almacén daga almakhzan take, tushenta ɗaya da magasin na Faransanci da mangazarmu. Aduana daga diwan take, ita ce duwan. Magajin gari kuwa ana ce masa alcalde, wato alƙali.

Daga Garnaɗa ne Abu Ishaƙ Assahili ya fito, mawaƙin da ya sadu da Mansa Musa a aikin hajjin 1324, ya biyo shi Mali, ya rasu a Tumbutu a 1346. A unguwar Albaicín da ke fuskantar fadar akwai masallacin da aka buɗe a 2003, nan matafiyi zai samu jam'i da sallar Juma'a.

Kurɗuba da Ishbiliya

Abdurrahman na Farko ya fara ginin babban masallacin Kurɗuba wajen 785, magadansa suka yi ta faɗaɗa shi har ƙarshen ƙarni na 10. Ginshiƙai fiye da 850 ne suka rage, bisansu bakuna hawa biyu masu ratsin ja da fari. Kiristoci sun ci birnin a 1236 suka mai da ginin majami'a, a 1523 aka fara gina wata babbar coci a tsakiyarsa. Mai ziyara ya sani cewa wurin yana hannun cocin Katolika, ba a yarda Musulmi ya yi salla ciki ba, masu gadi na tsayar da wanda ya gwada. Ɗan jagora nagari yakan faɗi wannan tun a bakin ƙofa. Kilometir 8 yamma da gari akwai kangon Madinatuz Zahra, birnin sarauta da Halifa Abdurrahman na Uku ya fara wajen 936. Bai cika shekara 80 ba aka wawashe shi, kuma Musulmi ne suka yi haka cikin yaƙin basasar da ya kawo ƙarshen halifancin a 1031.

Jirgin ƙasa mai gudu na kai mutum Ishbiliya cikin minti 45. Hasumiyar Giralda, da Muwahhidun suka gina tsakanin 1184 da 1198, ƴar'uwar Kutubiyya ta Marrakesh ce. Ba matakala ake bi a hau ba, gangare ne mai faɗi da ke zagayawa har sama. Birnin ya faɗi a 1248, amma da Sarki Pedro na Kastila ya tashi gina fadarsa a 1364, magina Musulmi ya nema, har daga Garnaɗa, rubutun Larabci kuma yana nan a bangon fadar sarki Kirista.

Waɗanda aka kora

Tafiyar ba ta cika in ba a faɗi ƙarshen labarin ba. A 1492 aka kori Yahudawa. Musulmin da suka rage aka tilasta musu shiga Kiristanci, daga baya aka hana su harshensu da tufafinsu. Ƙauyukan Alpujarra da ayarin ke ratsawa su ne suka yi tawaye daga 1568 zuwa 1571. Da aka murƙushe su, aka kwashe mutane wajen 80.000 daga ƙasar Garnaɗa aka watsa cikin Kastila, aka kawo baƙi daga arewa aka ba su gonakin. Tsakanin 1609 da 1614 aka fitar da kusan 300.000 daga Espaniya baki ɗaya. Guguwar wannan zamani ta iso har bakin kogin Isa: Judar Basha, wanda ya jagoranci rundunar Maroko da ta karya daular Songai a Tondibi a 1591, haifaffen lardin Almería ne, kuma akwai Andalusawa da yawa cikin ƴan bindigarsa. Baƙin da suka gaji gonakin Alpujarra sun sake addinin wurin da harshensa, amma magudanai da ka'idar rabon ruwa suka riƙe su yadda suka tarar, domin in babu su babu girbi.

Ga mai niyya

Lokacin da ya dace shi ne Afrilu zuwa Mayu, ko Satumba zuwa Oktoba. A Yuli da Agusta zafin Kurɗuba da Ishbiliya na wuce digiri 40, tsauni kuma da dare yana da sanyi ko cikin bazara, sai da rigar sanyi. A sayi takalmin tafiya a saba da shi tun daga gida. Ma'aikacin da ya shekara zaune a biro ya fara tattaki wata guda kafin tashi.

Ana bukatar bizar Schengen, kuɗinta yuro 90 tun watan Yuni 2024, wato wajen sefa 59.000, tare da takardar asirans ta rashin lafiya da shaidar masauki. Biyan kuɗin ba ya tabbatar da samun bizar, don haka a tambayi kamfanin da ya shirya tafiyar, a rubuce, abin da zai mayar in an hana. Kuɗin tafiyar kansa yakan haura sefa miliyan guda, ban da jirgi. A duba ko ya haɗa da tikitin Alhamra, domin ana sayar da shi da sunan mutum da lambar fasfonsa, da ƙayyadadden lokacin shiga, kuma yakan ƙare makonni kafin ranar.

Batun abinci a faɗa wa ɗan jagora tun ranar farko. Naman alade ya shiga girkin yankin ƙwarai, ƙauyen Trevélez ma da shi ya yi suna, amma kifi, ƙwai, wake da zaitun ba su yankewa. Abincin dare sai wajen ƙarfe 9.

Wanda bakansinsa kwana uku ne, ya tsaya birane, zai ga abin kallo. Wanda ke da mako guda da ƙoshin lafiya, shawararmu ya fara da tsauni, ya bi ruwan daga inda ake shuka shi har zuwa bakin zakokin Alhamra. Allah ya kai mai niyya lafiya, ya maido shi lafiya.