Sauya Tafintan Python A Kan Linux: Garin Neman Gira Kada A Rasa Ido

Kamar yadda aka sani, kwamfuta ba ta jin maganar ɗan Adam, sai an sami tafinta ya tsaya tsakani. Idan mutum ya rubuta umarni da harshen Python, wanda wani ɗan ƙasar Holan, Guido van Rossum, ya fito da shi a 1991, to, akwai wata manhaja da ke karanta rubutun layi-layi, tana mayar da shi abin da inji yake ganewa. Wannan tafinta yana da bugu iri-iri, kowanne da lambarsa, kuma ana iya ajiye biyu ko uku a kan kwamfuta guda. To amma ɗaya ne kaɗai yake amsawa idan aka kira sunan ba tare da an cika lambarsa ba. Sauya wannan mai amsa kira shi ne ya jefa ɗalibai da ma'aikata da dama cikin wahala.

Linux babbar manhaja ce mai tafiyar da kwamfuta, wadda Linus Torvalds ya soma a ƙasar Finlan a 1991, kuma tushenta a buɗe yake ga kowa, ya karanta, ya gyara. Wannan 'yanci shi ne daɗinta, shi ne kuma haɗarinta, domin mai riƙe da mabuɗin gida ba ta hana shi rushe katanga.

Asalin maganar ya faro ne a watan Disamba na 2008, sa'ad da aka fito da Python 3, wanda bai dace da na 2 ba a wurare da yawa. Alal misali, idan aka ce wa bugu na 2 ya raba 7 gida 2, sai ya ce 3, ya watsar da ragowar. Na 3 kuwa 3.5 zai ce. Ke nan akawun da ya rubuta lissafin albashi bisa tsohuwar ƙa'ida, in an sauya masa tafinta bai sani ba, yana iya samun wata amsa dabam, kuma injin ba zai yi masa gargaɗi ba. Saboda irin wannan ne jama'a suka yi ta jan ƙafa, har aka ɗaga ranar yin ban kwana da Python 2 daga 2015 zuwa 1 ga Janairu, 2020.

A cikin waɗannan shekaru gidajen Linux ba su bi hanya ɗaya ba. Arch Linux ta yi gaba tun 2010, ta sa kalmar python ta riƙa kiran bugu na 3, abin da ya lalata ayyukan mutane da yawa, har ya sa masu kula da harshen suka rubuta takardar shawara mai suna PEP 394 a 2011. Fedora ta biyo baya a 2019. Red Hat kuwa, a bugunta na 8 na wannan shekara, sai ta bar sunan babu kowa a kansa, ta ɓoye nata tafintan a wani wuri dabam don kada a taɓa shi. Ubuntu a 2020 ta tanadi wani ɗan ƙunshi mai suna python-is-python3 domin wanda yake so sunan ya koma kan na 3.

Ko da yake rigimar 2 da 3 ta kwanta, wata ta maye gurbinta. Kowace shekara sabon bugu yana fitowa, alhali Ubuntu 22.04 da Python 3.10 ta zo, ta 24.04 kuma da 3.12. Sai ɗalibi ya ga littafin da yake bi yana neman sabo, ya saka shi, sa'an nan ya karkata sunan python3 zuwa gare shi, ko da hannu, ko da umarnin update-alternatives. Wannan umarni yana da kyau ga harshen Java, domin an tsara a zaɓi bugunsa ta nan. Amma Debian da Ubuntu ba su sa python3 a cikin wannan tsari ba, kuma da gangan suka ƙi.

Dalili kuwa shi ne, ita kanta babbar manhajar tana aiki da wannan tafinta. Mai sabunta manhajoji, da umarnin ƙara rumbunan saukar da kaya, har da mai buɗe baƙin allon rubuta umarni a Ubuntu 22.04, duka da Python aka rubuta su. Suna dogara ga wasu sassa, irin su apt_pkg, waɗanda aka ƙera daidai da bugu guda. Da zarar sabon tafinta ya hau kujera, sai ya nemi sassan ya rasa, allon ya ƙi buɗewa, sabuntawa ta tsaya cik. Mafi muni shi ne wanda ya ce bari ya goge tsohon gaba ɗaya, domin abubuwan da suka rataya a kansa za su bi shi, har fuskar kwamfutar ta ɓace.

Wanda ya riga ya faɗa wannan rami kada ya yi gaggawar share kwamfutarsa, takardunsa suna nan lafiya. Sai ya danna Ctrl da Alt da F3 tare, ya shiga da sunansa, ya mayar da mahaɗar /usr/bin/python3 kan bugun da manhajar ta zo da shi.

Amma dai rigakafi ya fi magani. Hanyar da masana suka yarda da ita ita ce a bar na gida a mazauninsa, a sauke baƙo a gefe, a riƙa kiransa da cikakken sunansa, watau python3.12 ko makamancinsa. Mai harhaɗa shi daga tushe sai ya yi amfani da make altinstall, wanda ba ya taɓa sunan python3. Daga nan sai a buɗe wa kowane aiki keɓaɓɓen ɗaki da venv, wanda ya shigo tun bugu na 3.3 a 2012. A cikin ɗakin, kalmar python tana kiran wanda aka zaɓa, a waje kuwa kome yana nan yadda yake. Mai bukatar bugu da yawa yana iya neman pyenv, wanda ke ajiye su a ɓangaren mai amfani kaɗai. Daɗin daɗawa, tun 2023 Debian 12 da Ubuntu 23.04 suka soma hana pip zuba kaya a cikin Python na gida, suna tura mutum ya buɗe ɗaki.

Saboda haka ya kamata shugabannin ofisoshi da malaman makarantu su kafa ƙa'ida: kwamfutar da jama'a ke tarayya a kanta, kada kowa ya sauya mata tafinta, kuma kowane aiki a rubuta lambar bugun da aka yi shi da shi, domin wanda zai gaje shi gobe. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.