Son Mas ɗin Latin daban, kiran Allah daban

Duk shekara idan idin Fentikos ya zagayo, dubban 'yan Katolika kan tashi a ƙafa daga birnin Paris, su yi kwana uku suna tattaki na kusan kilomita 100 zuwa babban cocin garin Chartres. Tun 1983 ake wannan tafiya, kuma a 'yan shekarun nan mahalartanta sun haura dubu 15, akasarinsu matasa. Abin da ke tara su shi ne Mas irin na da, wanda ake yi da harshen Latin bisa tsarin da kakanninsu suka sani. Daga cikin masu irin wannan shauƙi ne ake samun samari da 'yan matan da ke ƙwanƙwasa ƙofar makarantun horar da firistoci da gidajen zuhudu, suna cewa Allah ya kira su. Hujjar da da yawansu ke kawowa ita ce abin da zuciyarsu ta ji a gaban bagade. A ganina wannan abin da suka ji gaskiya ne, bai kamata a raina shi ba, amma bai isa ya zama shaidar kira ba, kuma tsohuwar al'adar da suke ƙauna ita ce ta fi kowa dagewa a kan haka.

Wanda bai taɓa ganin wannan ibada ba zai fara lura da cewa Fada, wato firist, ba ya fuskantar jama'a. Shi da su duka bagade suke kallo, yana gaba suna bayansa. Kafin ya hau matakala yakan tsaya a ƙasa, shi da yaron da ke yi masa hidima su karanta zabura suna amsa wa juna, sannan ya sunkuya ya furta zunubansa yana bugun ƙirji sau uku. Idan aka zo tsakiyar ibadar, wato addu'ar keɓe gurasa da ruwan inabi, sai muryarsa ta yi ƙasa har ba a jin ta, coci ya yi tsit, sai ƙarar 'yar ƙararrawa ce ke sanar da mutane cewa an ɗaga gurasar. Masu karɓa sukan durƙusa a jere, a sa musu a kan harshe, mata da yawa sun yafa mayafi, a ƙarshe kuma a rufe da farkon Bisharar Yohanna. Babu wurin da aka bar wa Fada ya ƙara nasa ko ya rage. Har inda zai ɗora hannu da lokacin da zai ɗaga ido a rubuce suke. Mai karatu Musulmi ba zai ga baƙon abu sosai a nan ba, domin ya san limamin da ke gaban sahu yana fuskantar inda mamu ke fuskanta, ya kuma san ibada da harshen da ba shi ake ciniki da shi a kasuwa ba.

Tsarin ya daɗe. Bayan babban taron Trent da aka kammala a 1563, Paparoma Pius na Biyar ya fitar da littafin Mas a 1570, aka yi ta yi masa ƙananan gyare-gyare har zuwa bugun 1962 na Paparoma John na 23, wanda shi ne masu bin tsohon tsari ke riƙe da shi yau. Taron Vatikan na Biyu, daga 1962 zuwa 1965, ya buɗe ƙofar amfani da harsunan jama'a, daga nan Paparoma Paul na Shida ya kawo sabon tsari wanda ya fara aiki a ƙarshen 1969. Albarkacinsa ne tsohuwa a Kafanchan ko Shendam ko Maraɗi take jin karatu da addu'o'i da Hausa, ta amsa da bakinta. Wannan ba ƙaramar riba ba ce, kuma duk mai son Latin da ya yi kamar bai gan ta ba, bai yi adalci ba.

Haka ma masu cewa tsohuwar ibadar kayan tarihi ce kawai, ko kwaikwayon Turawa, ba su yi adalci ba. Matashin da ya tashi da waya a hannu, hayaniya na bin sa har kan gado, idan ya sami wurin da za a bar shi ya yi shiru a gaban Allah, ba a ce ya tafa ba, ba a nemi burge shi ba, to ya sami abin da yake ƙishirwa. Kuma kira ba ya jiyuwa cikin surutu. Ana cewa ai bai san Latin ba. Amma yawancinsu da littafi suke bi, Latin a gefe guda fassara a ɗaya gefen, kuma kalmomin da ba sa canzawa mako bayan mako sukan zauna a ka. Batun kwaikwayon Turawa kuwa, gidan zuhudun Keur Moussa na Senegal, wanda sufayen Solesmes na Faransa suka kafa a farkon shekarun 1960, ya haɗa tsohon rerawar coci da kiɗan kora, abin ya zauna daram. Don haka ba na shakkar cewa tsohuwar ibada tana iya farkar da zuciya. Tambayar ita ce me ya kamata ya biyo bayan farkawar.

Amsa mafi tsufa tana cikin ƙa'idar da Waliyyi Benedict ya rubuta wa sufaye a Italiya tun ƙarni na shida, wadda gidajen da ke riƙe da Latin a yau, irin su Fontgombault da Le Barroux a Faransa da Clear Creek a Amurka, ke bi. A babi na 58 ya hana a sauƙaƙa wa baƙo shiga. A bar shi ya yi ta ƙwanƙwasawa kwana huɗu ko biyar, a ga ko zai jure. In an buɗe masa, a ajiye shi a masaukin baƙi tukuna, sannan a haɗa shi da dattijon da zai sa masa ido. Abin da dattijon zai duba shi ne ko da gaske Allah yake nema, ko yana da himmar addu'a, ko yana biyayya, ko yana iya haɗiye ƙasƙanci. A faɗa masa duk wahalar hanyar ba tare da ɓoyewa ba. A karanta masa ƙa'idar daga farko zuwa ƙarshe bayan wata biyu, a sake bayan wata shida, a sake bayan wata huɗu, kowane karo yana da 'yancin kama gabansa. A cikin wannan jerin babu inda aka tambayi ko waƙa ta sa shi hawaye. Mutumin da ya tsara wa sufaye karance zabura 150 duk mako, sau bakwai da rana sau ɗaya cikin dare, ya san cewa daɗin da ake ji a makon farko ba ya kaiwa shekara ta goma, kuma ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare.

Dokar Ikilisiya ta yanzu, wadda aka fitar a 1983, a kan wannan turba take. Ba a karɓar wanda bai cika shekara 17 ba a matakin gwaji, kuma gwajin ba ya gaza wata 12, ba ya wuce shekara biyu. Daga nan sai alkawari na wucin gadi, na talauci da tsarkin jiki da biyayya, tsawon shekara uku zuwa shida, kafin a yi maganar alkawarin har abada, wanda ba a yin sa sai mutum ya cika shekara 21. Ga matan da za su yi zaman kulle na zuhudu, umarnin da Vatikan ta fitar a 2018 ya sa horon duka ya ɗauki aƙalla shekara tara. Mai son zama firist zai yi aƙalla shekara shida yana karatun falsafa da tauhidi, ba kuma a naɗa shi sai ya kai 25. Dokar ta umarci shugabanni su duba lafiya da hali da hankalin mai nema, har ma ta hana karɓar wanda bashi ya yi masa katutu bai iya biya. Wannan sharaɗi na bashi ya nuna yadda Ikilisiya ta san ɗan Adam: akwai mai shiga don neman Allah, akwai mai shiga don gudun wani abu, kuma sau da yawa shi kansa bai san wanne ne ba sai lokaci ya tona. Muhimmin abu a nan shi ne kira ba hukuncin mutum ɗaya ba ne. Saurayi yana iya cewa ya ji, amma sai bishop ko shugaban gida ya amsa da sunan Ikilisiya kafin abin ya tabbata.

Za a ce wannan jan rai yana kashe gwiwa, alhali ƙasashen Turai na kukan ƙarancin firistoci, kuma ga ƙungiyoyin tsohon tsari makarantunsu na cika da samari. Gaskiya ne suna samun masu shiga, kuma abin lura ne. Sai dai makarantun Najeriya ma cike suke, Bigard ta Enugu tana cikin mafiya girma a duniya, kuma da sabon tsari suke ibada. Ke nan ba harshe kaɗai ke haifar da kira ba. Gidan da ake addu'a tare, da jama'ar da ke girmama abin da ta yi imani da shi, su ne ƙasar da yake tsirowa. Su kansu ƙungiyoyin Latin ba su gajarta hanya ba. Ƙungiyar Firistocin Waliyyi Bitrus tana horar da ɗalibanta shekara bakwai a Wigratzbad ta Jamus da Denton ta Amurka, mataki-mataki bisa tsohon tsari, daga aske ɗan gashin kai da sa baƙar riga har zuwa naɗi. Firist guda da aka naɗa cikin gaggawa ba tare da kira ba, ɓarnar da zai yi wa kansa da jama'a ta fi ta bagaden da ya zauna babu kowa.

Inda gwajin ya fi zafi ga mai son Latin shi ne biyayya, domin tarihin tsohon tsari a wannan zamani tarihi ne na ja-in-ja. Akbishop Marcel Lefebvre, Bafaranshen da ya taɓa riƙe Dakar, ya kafa ƙungiyarsa a 1970, kuma ranar 30 ga Yuni 1988 ya naɗa bishop huɗu a Écône ta Suwizalan ba da izinin Paparoma ba, aka yanke musu hukuncin fita daga tarayya. Wasu firistocinsa suka ƙi bin sa, suka kafa ƙungiyar Waliyyi Bitrus a watan Yulin shekarar, suna riƙe da Latin a ƙarƙashin Roma; suna da wurin ibada a Umuaka ta jihar Imo. Paparoma Benedict na 16 ya sakar wa tsohon Mas mara a 2007, Paparoma Francis ya sake ɗaure shi a 2021, har ya ce firist ɗin da aka naɗa bayan wannan doka sai ya nemi izinin bishop, shi kuma bishop ya tuntuɓi Roma, ko da yake a 2022 ya tabbatar wa ƙungiyar Waliyyi Bitrus damar ci gaba da littattafan 1962. Ina ganin ƙuntatawar 2021 ta sosa ran mutane da yawa waɗanda ba su da niyyar tawaye, kuma kukansu ya cancanci a saurara. Amma matashin da ke tunanin ba da rayuwarsa dole ya san cewa ƙasar da yake takawa tana motsi, ya binciki matsayin ƙungiyar da zai shiga a dokar Ikilisiya, ya kuma tambayi kansa: in aka wayi gari an tura ni ƙauye, coci na kwano, in yi Mas da Hausa, zan je? Wanda amsarsa a'a ce ko ta halin ƙaƙa, akwai alamar biki yake so ba aure ba.

Rayuwar Cyprian Michael Iwene Tansi ta fi kowace hujja bayani. An haife shi a 1903 a yankin Aguleri, aka naɗa shi firist a Onitsha a 1937, kuma bai san wani Mas ba sai na Latin har ya bar duniya. Ya daɗe yana jin kiran zuhudu, amma bai tsallake aikinsa ba. Ya yi shekara 13 yana hidimar ƙauyuka, shi ne ma ya yi wa Francis Arinze baftisma, wanda ya zama Kadinal daga baya. Sai a 1950, da yardar bishop ɗinsa, ya tafi gidan Mount Saint Bernard a Ingila. Firist ɗin da jama'a ke tururuwa wurinsa ya koma ɗan koyo, cikin sanyi da shiru da aikin hannu. Burinsa shi ne a kawo irin wannan gida Najeriya, amma shugabanni suka zaɓi Kamaru, ya karɓa, ya rasu a Ingila a watan Janairun 1964 bai ga ko ɗaya ba. Paparoma John Paul na Biyu ya ayyana shi mai albarka ranar 22 ga Maris 1998 a kusa da Onitsha. Abin da aka shaide shi da shi haƙuri ne da biyayya a lokacin da abin da yake so bai samu ba.

A arewacin Najeriya akwai wani nauyi ƙari. A watan Janairun 2020 'yan bindiga suka shiga makarantar horar da firistoci ta Good Shepherd a Kaduna suka sace ɗalibai huɗu, suka kashe Michael Nnadi mai shekara 18. Duk yaron da ya sa rigar ɗaliban firistanci a yankinmu ya san abin da ka iya biyo baya, iyayensa ma sun sani. Ga kuma uwa da ke son ganin jikoki, ga dangin da ke ganin samun Fada a gida ɗaukaka ce. Dokar Ikilisiya ta haramta tilasta wa kowa wajen zaɓen hanyar rayuwarsa, ko turawa ko hanawa. Saboda haka, iyaye, in ɗanku ko 'yarku ta zo da wannan magana, kada ku yi shelarta a coci, kada kuma ku rufe ta da faɗa. Ku haɗa su da firist mai hankali da zai riƙa ganinsu a kai a kai, ku bar su su je su kwana biyu a gidan da suke sha'awa, su tashi addu'ar dare, su yi wanke-wanke da noma tare da mutanen gidan, domin gani ya kori ji. In kuma bayan shekara ɗaya ko uku suka dawo suka ce ba nan ba ne, ku karɓe su hannu bibbiyu, kada ku bari kowa ya kira su waɗanda suka gaza.