Daidai Ruwa Daidai Tsaki: Yadda Ake Auna Iyakwandishan Don Ɗakin Wasa Na Gida

Daga Wakilinmu

A shekarar 1972 ne kamfanin Atari na Amurka ya fito da akwatin wasan nan mai suna Pong, wanda ake jefa masa kwabo ya kama aiki. Daga bisani Space Invaders ya biyo baya daga Japan a 1978, sa'an nan Pac-Man a 1980. A yau masu sha'awa suna sayen irin waɗannan tsofaffin akwatuna, su ware musu ɗaki guda a gida, su haɗa da talabijin da na'urorin wasa na zamani. Amma da yawansu ba su kan yi nisa ba sai zafi ya kore su daga ɗakin, ko da kuwa iyakwandishan yana aiki.

Dalilin haka shi ne, kusan duk wutar da na'ura ta sha a cikin ɗaki, zafi take komawa. Watau akwatin da ke shan wat 150, wajen ɗumama ɗaki ba shi da bambanci da ƙaramar hita mai wat 150. Saboda haka wanda ya dubi girman ɗaki kawai ya sayi iyakwandishan, ya bar rabin lissafi a baya.

MA'AUNIN SANYI

Ana auna ƙarfin iyakwandishan da abin da ake kira B.T.U. a kowace awa, kuma wat ɗaya yana daidai da B.T.U. 3.4. A kasuwanninmu kuwa da ƙarfin doki ake ciniki. Mai doki ɗaya yana ba da kamar B.T.U. 9,000, mai ɗaya da rabi 12,000, mai doki biyu kuwa 18,000.

Ƙa'idar da aka saba bi a Amurka ita ce a ba kowane murabba'in ƙafa B.T.U. 20. In rana tana dukan ɗakin ƙwarai a ƙara kashi 10 cikin ɗari. In masu zama sun wuce biyu, a ƙara 600 a kan kowane mutum, gama jikin ɗan Adam shi ma murhu ne, balle ga wanda wasa ya ɗauke wa hankali.

GA MISALI

Mu ɗauki ɗaki mai tsawon mita 5 da faɗin mita 4, watau murabba'in ƙafa 215. Wannan ya ba da 4,300. Rana ta ƙara 430. Mutum shida suna ciki, saboda haka huɗun da suka haura biyu sun kawo 2,400. To, a ce akwai akwatuna huɗu kowanne yana shan wat 150, da teburin wasan ƙwallon ƙarfe mai wat 300, da talabijin da na'urarsa su ma wat 300. Jimla wat 1,200 ke nan, kusan B.T.U. 4,100. In an tara duka za a sami 11,230.

Mai karatu zai lura cewa ɗakin da kansa bai kai rabin wannan adadi ba. Da ɗakin kwana ne, mai doki ɗaya ya wadatar, amma ga shi lissafi ya kai ga ɗaya da rabi. Kada kuma a yi kirdado wajen wutar da kowace na'ura take sha, a duba ɗan rubutun da ke bayanta. In amfiya aka rubuta, sai a ninka ta da bolt a sami wat.

Amma fa wannan ƙa'ida ba don Kano ko Sakkwato aka tsara ta ba, inda zafin watan Afrilu kan kai digiri 40. Ɗakin da ke ƙarƙashin kwano, ko mai taga tana kallon yamma, zai iya bukatar mai doki biyu. Silin mai kyau da labule mai kauri da inuwar itace su ne suke fara rage wannan nauyi, kuma ba sa cin man janareta. Haka nan akwatunan da aka ƙera don Amurka suna aiki da bolt 120 ne, mu kuwa 230 gare mu, kuma taransifomar da za ta sauke wutar ita ma zafi take fitarwa.

GIRMA BA SHI NE BA

Wani zai ce to sai a sayi mafi girma a huta. Wannan ma kuskure ne. Iyakwandishan ba sanyi kaɗai yake bayarwa ba, yana tsane laimar iska. Hasali ma domin maganin laima ne Willis Carrier ya ƙera na farko a 1902, a wata maɗaba'a da ke Buruklin, cikin birnin New York. Wanda ya yi wa ɗaki girma yakan sanyaya shi nan da nan ya mutu, ya sake tashi, bai daɗe yana aiki ba balle ya kwashe laimar. Da damina sai katakon akwatunan ya kumbura, ƙarafan ciki su yi tsatsa. Wanda ya yi kaɗan kuwa yini zai yi yana nishi, kuɗin wuta na hauhawa, zafi na cin na'urorin. Masana lantarki suna ƙiyasta cewa duk ƙarin digiri 10 yana rage rabin kwanakin kafasita, wadda ita ce takan fara lalacewa a tsofaffin akwatuna.

Game da ɗumama ɗaki, a ƙasashen sanyi ana auna hita ne kamar na'urorin a kashe suke, domin da tsakar dare ba mai wasa. A nan kuwa, ko da hunturu ya tsananta, zafin akwatunan ya isa. Abin tsoro a lokacin shi ne ƙura, wadda takan toshe rariyar iyakwandishan da ƙofofin iskar akwatuna, don haka a riƙa wankewa ana kakkaɓewa.

Shawararmu ga mai niyya ita ce, kafin ya nufi kasuwa ya zauna da takarda da alƙalami, ya ƙidaya ɗaki da rana da mutane da na'urori, sa'an nan ya kai wa ƙwararren ma'aikaci ya duba masa rufi da tagogi. Rigakafi dai ya fi magani.