Ƙalubale biyar da masu kasuwanci ta waya ya kamata su shirya wa a shekara mai zuwa

A yau matashi yana iya buɗe shago ba tare da ya kama hayar ko da rumfa ba. Wayarsa ce shagon: a WhatsApp yake tallata kaya, a Instagram ko TikTok masu saye suke ganinsa, ta OPay ko Moniepoint kuɗi suke shigo masa. Haka abin yake ga mai POS a bakin titi, da mai sayar da waya a kasuwar Farm Centre ta Kano, da mai ƙaramin kamfanin da ke da yara biyar a ƙarƙashinsa.

Sai dai irin wannan kasuwanci ya dogara ne da abubuwan da ba a hannun mai shi suke ba: farashin dala, wutar lantarki, sabis, manhajojin kamfanonin waje da dokokin gwamnati. Abubuwan da suka faru a Najeriya cikin 'yan shekarun nan sun nuna inda haɗarin yake, da kuma tanadin da ya kamata duk mai jagorantar kasuwanci ya yi tun yanzu.

1. Farashin dala da cin uwar kuɗi

Kusan duk waya da caja da batirin da ake sayarwa a ƙasar nan daga waje ake shigo da su, galibi daga Sin, don haka farashinsu yana bin dala. Kafin watan Yunin 2023, lokacin da Babban Bankin Najeriya ya bar kasuwa ta tsayar da darajar naira, dala ɗaya tana kusan naira 460 a hukumance. A 2024 ta haura naira 1,500.

A irin wannan yanayi mutum yana iya yin asara alhali yana ganin riba yake ci. Misali, ɗan kasuwa ya saro waya a kan naira 100,000, ya sayar 115,000. Da ya koma sari sai ya tarar ta kai 120,000. A lissafi ya ci 15,000, amma kuɗin da ke hannunsa ba za su sake sayen waya ko ɗaya ba. Shi ya sa masu wayo suke sa farashi bisa abin da za su kashe wajen sake saro kayan, kuma suke taƙaita ba da bashi na dogon lokaci.

2. Tsadar data da wuta

A watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin 100. Kafin nan, a Afrilun 2024, an ɗaga kuɗin wutar masu rukunin Band A daga kusan naira 68 zuwa 225 a kan kowane yunit, ko da yake an ɗan rage daga baya. Fetur ɗin janareta kuwa, wanda bai kai naira 200 lita ba kafin cire tallafi a Mayun 2023, ya haura naira 1,000 a ƙarshen 2024.

Yawancin ƙananan 'yan kasuwa ba sa rubuta kuɗin data da cajin waya, saboda kaɗan-kaɗan suke fita daga aljihu. Ya kamata a tattara su a wata, a shigar da su cikin farashin kaya. Wanda ya yi haka ne zai san ko sayen ƙaramar sola da batir ya fi masa sauƙi a kan fetur ɗin da yake ƙonawa kullum. 'Yan Arewa ba su manta da Oktoban 2024 ba, lokacin da lalacewar manyan layukan wuta ta bar jihohi da dama cikin duhu sama da mako guda.

3. Ɗaukewar sabis da rufewar manhaja

A ranar 14 ga Maris 2024 wasu wayoyin intanet da ke ƙarƙashin teku a Yammacin Afirka suka lalace, intanet ya yi rauni a Najeriya da Ghana da maƙwabtansu, har wasu bankuna suka kasa aiki yadda suka saba. A Satumban 2021 an katse sabis a Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro. A shekarar ce kuma gwamnati ta dakatar da Twitter na kusan wata bakwai, sannan a ranar 4 ga Oktoba Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke a duk duniya na kusan awa shida.

Wanda duk abokan cinikinsa suke cikin shafi ɗaya na Instagram, ranar da aka rufe shafin ya rasa su baki ɗaya. Maganin bai da tsada: layi biyu na kamfanoni daban-daban, asusun karɓar kuɗi a wurare biyu, da jerin lambobin abokan ciniki da aka adana a wajen manhajar, ko da a littafi ne.

4. Damfara da ƙirƙirarriyar basira

Alat na bogi ya daɗe yana cin 'yan kasuwa, haka ma ƙwace asusun WhatsApp ta hanyar yaudarar mutum ya faɗi lambobi shida da aka turo masa. Yanzu ƙirƙirarriyar basira ta ƙara wa 'yan damfara ƙarfi, domin suna iya kwaikwayon murya da fuskar mutum. A farkon 2024 wani ma'aikacin kamfanin Arup a Hong Kong ya tura kusan dala miliyan 25 bayan wani taro ta bidiyo, alhali duk shugabannin da ya gani a taron na jabu ne.

Idan haka ta faru a babban kamfani, yaron shago ma zai iya faɗawa idan ya ji muryar maigidansa tana cewa ya tura kuɗi. Dole shugaba ya kafa doka: ba a sakin kaya sai an ga kuɗin a cikin manhajar banki, ba a tura kuɗi bisa saƙon murya sai an kira lambar da aka sani. A kuma kunna tsaro mai mataki biyu a WhatsApp da imel.

5. Haraji da rajista

A watan Yunin 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji huɗu, waɗanda aka tsayar da 1 ga Janairun 2026 a matsayin ranar fara aikin manyansu. Hukumar FIRS ta koma NRS, kuma naira 800,000 na farko na abin da mutum ya samu a shekara ba ya ɗaukar haraji. Tun a 2024 ma hukumar CAC ta umarci masu POS da su yi rajistar kasuwancinsu.

Ciniki ta waya yana barin sawu, domin kowace taransifa a rubuce take. Wanda ya cakuɗa kuɗin shago da na cefane da na adashi a asusu ɗaya zai sha wahala ranar da aka ce ya bambance jari da riba. Asusu na daban domin kasuwanci, lambar biyan haraji, da rubuta shige da fice kullum su ne matakin farko. Wannan rikodin ne kuma banki yake fara tambaya idan an je neman rance.

Daga ina za a fara?

Ba lallai ne a yi komai a rana ɗaya ba. Mai kasuwanci yana iya zama da yaransa su yi wa kansu tambaya guda: wane abu ne idan ya tsaya gobe, ciniki zai tsaya cak? Ga mai POS yana iya zama sabis, ga mai gyaran waya wuta, ga mai sayar da atamfa shafinta na Instagram. Abin da amsar ta nuna shi za a fara samar wa madadin kafin shekara ta kama, tunda ba a fafe gora ranar tafiya.