Ganuwar Atlantika da Abin da Ya Rage Nata a Gaɓar Teku

A watan Maris na 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Hitila ya ba da umurni a tsare gaɓar tekun yammacin Turai, tun daga Norwe har iyakar Faransa da Sifen, don kada sojojin taron dangi su sami wurin sauka. Wannan aiki shi aka laƙaba wa suna Ganuwar Atlantika.

Wanda ya ji kalmar ganuwa zai zaci bango ne guda miƙaƙƙe irin wanda ke kewaye birni, alhali kuwa ba haka ba ne. Dubban ɗakuna ne na kankare da ƙarfe, a warwatse, waɗansu na girke igwa, waɗansu na tsinkayar jiragen ruwa, waɗansu na kwanan soja. Ƙungiyar gine-gine ta Todt ce ta gudanar da aikin, kuma da yawa cikin leburorin tilasta musu aka yi. Da Romel ya zo duba ganuwar a ƙarshen 1943, sai ya tarar da giɓi ko'ina, ya sa aka binne miliyoyin nakiyoyi, aka kakkafa turaku a bakin ruwa.

Duk da haka ba ta yi wa masu ita rana ba. Jamusawa sun fi zuba ƙarfinsu a wajen Kale, inda teku ta fi ƙunci, sai abokan gaba suka ɓullo ta Normandi ran 6 ga Yuni, 1944, suka keta ta a wuni guda, ko da yake an yi asarar rayuka masu yawa.

Abin mamaki, ganuwar da ta kasa tsare yaƙi ta gagari masu rushe ta. Mafakar jiragen yaƙi masu nutso da ke Bodo kaurin rufinta ya sa fasa ta ya fi barinta tsada, don haka aka bar ta, yau ga ta ta zama zauren nunin zane-zane. A Longues-sur-Mer har yanzu igogin Jamus na nan cikin ɗakunansu, bakinsu na fuskantar teku, tsatsa na cinsu. A Pointe du Hoc kuwa, inda sojojin Amurka suka hau tsauni mai tsayin kimanin mita 30 suka tarar an janye igogin, ramukan bama-bamai ba su cike ba.

Amma inda aka yi gini bisa rairayi labari ya sha bamban. A gaɓar Danmak da Cap Ferret ta Faransa igiyar ruwa ta yi ta zaizaye ƙasa sannu a hankali, har ɗakunan da aka gina bisa tudu suka gangaro, waɗansu suka kife, waɗansu suka nutse. Da yake an san ainihin inda aka gina su, masana kan dubi matsayinsu na yanzu su gane iyakar ƙasar da teku ta cinye tun daga zamanin yaƙin.