Karen da ke haushi a kan komai ya daina gadi

A Unguwar Lalle da sauran ƙauyukan Sabon Birni da Isa, inda 'yan bindiga suka shafe shekaru suna hana mutane barci, haushin kare da tsakar dare ba abin rainawa ba ne. Amma karen da ke yi wa akuya haushi, ya yi wa inuwa, ya yi wa iska, cutar unguwa yake yi. Tun ana zabura har a saba, ranar da mugu ya iso kuwa babu mai ɗaga kai.

Yawancin wannan haushi kuka ne. Je ka duba karen: an ɗaure shi a turke tun safe, a zafin bazara da ke haura digiri 40, kaskon ruwansa a bushe, kunnuwansa cike da kaska. Wa zai yi shiru a haka? A ba shi inuwa da ruwa, a ciyar da shi safe da yamma ko da ƙanzo ne da dusa, a cire masa kaska da ƙuma. A riƙa kwance shi yana bin maigida gona ko kiwo. Karnukan mafarauta da suka wuni a daji ba su cika damun kowa da dare ba, gajiya ta ishe su. Yara masu jifansa don neman tsokana su ma a kwaɓe su.

Duka ba ya magani. Tsoro yake sa masa, kuma matsoracin kare ya fi saurin cizo. Tsawa ma haka, ɗauka yake ana taya shi. Idan ya yi haushi, ka leƙa ka ga dalili, ka ce masa "ya isa" da murya ɗaya kullum, in ya yi shiru ka jefa masa loma. Ɗan kwikwiyo ya fi saurin ɗauka, babba sai an yi haƙuri.

Akwai haushin da ba na horo ba ne. In muryar kare ta dushe ko ta sauya, yana dalalar da yawu, yana cizon duk abin da ya tarar, a yi zargin cutar haukan kare. Kada a kama shi da hannu, a sanar da ma'aikatan dabbobi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar na kashe kusan mutum 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya. Ana yi wa kare rigakafi tun yana wata 3, a maimaita duk shekara. Wanda aka ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya nufi asibiti a ranar don allura, kada ya tsaya jiran ganin alama.