Kafin Ka Shigar Da Mai Hoto Cikin Gida

A bangon ɗakin wata gwaggona da ke Ƙanƙara akwai hoto guda ɗaya, baƙi da fari, gefensa duk ya yi ja don tsufa. An ɗauke shi ne kwana biyu bayan an kai ta ɗakin miji. Tana zaune a kan kujera ta sunkuyar da kai, ƙawayenta sun kewaye ta, a bayansu kwanonin jere sun hau kan juna har kusa da rufi. Duk wanda ya je gaishe ta, in ya daɗe, sai ta sa a sauko da hoton ta riƙa nuna masa da yatsa: wannan ta rasu wurin haihuwa, wannan tana Gusau, wannan kuwa 'yarta ce ke auren wane. Hoton nan guda ya riƙe mata tarihin unguwa sukutum.

Yau ana ɗaukar hoto ɗari-ɗari a biki ɗaya, amma ka koma bayan shekara uku ka ce a nuna maka, sai ka ji waya ta faɗa ruwa, ko an sace ta, ko mai hoton ya ce kwamfutarsa ta lalace. Wannan kaɗai ya isa a zauna a yi magana kan yadda muke zaɓen mai hoto. Sai dai a yankinmu na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa maganar ta fi haka nauyi.

Idan biki ya matso, akan yi lissafin mai rumfa da mai kujeru da mai abinci, sai a jefa mai hoto a ƙarshen jerin, kamar shi ma kaya zai sauke ya tafi. Alhali mai rumfa a ƙofar gida yake tsayawa. Mai hoto kuwa shi ne kusan baƙon namiji ɗaya tilo da ke wuce zaure ya shiga tsakar gida ranar kamu da ranar yini. Yana ganin matan aure cikin kwalliyar da ba sa fita da ita. Yana shiga ɗakin amarya ya ga gado da kujeru da abin da aka jera. Yana ganin sarƙar wuyan uwar amarya da motar da kawu ya zo da ita daga Kaduna. Kuma ba gani kawai yake ya manta ba, yana fita da duk wannan a aljihunsa cikin wani kati da bai kai farcen yatsa girma ba. Abin da ya kamata a fara tambaya a kansa shi ne amana. Kyamara tana zuwa daga baya.

Mutanen waɗannan ƙananan hukumomi ba sa bukatar a tuna musu halin da ake ciki. A daren 11 ga Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati da ke Ƙanƙara, duniya ta ji sunan garin ta hanyar da ba mu so ba. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, aka ce su zagaya ta Funtuwa. A farkon Fabrairun 2024 kuma aka tare mata masu rakiyar amarya a yankin Damari na ƙaramar hukumar Sabuwa, aka shiga daji da su da yawa. Kai amarya da aka saba yi bayan isha'i, da fitilu da guɗa, a garuruwa da dama ya koma aikin rana tsaka. Kowa ya san kalmar infoma, wato mai kai wa 'yan bindiga rahoto, kuma kowa ya san ba a goshi ake rubuta ta ba.

Ba ina nufin masu hoto ne ke kai rahoto ba. Akasarinsu samari ne masu neman halal, su ma a kan waɗannan hanyoyi suke hawa babur da jakar kyamara a baya, ransu a hannun Allah. Abin da nake nufi shi ne hoto kansa labari ne. Yaro mai zumuɗin tallata aikinsa zai iya ɗora bidiyon biki a TikTok ko Facebook tun kafin a watse, ga ƙofar gida, ga motoci, ga wanda ya yi liƙi da sabbin kuɗi, ga baƙon da ya zo daga Abuja kuma a garin zai kwana. Bai yi da mugun nufi ba, amma wanda ke nema ya samu. Don haka sharaɗin farko da za a gindaya wa mai hoto shi ne kada ya saki komai sai da izinin masu gida, kuma ko an yarda, sai baƙi sun koma gidajensu lafiya. Idan ka faɗa masa haka ka ga ya ɓata rai, ka sallame shi tun da wuri. Haka nan jirgin nan maras matuƙi da ake yayin ɗaukar taro da shi daga sama: tun 2016 hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta ƙasa ta ce sai da izini ake tayar da shi, kuma a garin da ke da sansanin jami'an tsaro, tayar da shi janyo wa kai tambayoyi ne.

Mutane da yawa ba su san doka ta taɓo wannan batu ba. A ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wanda ya ɗauki hoto shi ne mai shi tun asali, sai in an yi wata yarjejeniya daban. Amma dokar ta ba wanda ya sa aka yi masa hoto don amfanin kansa da iyalinsa ikon hana a yaɗa shi ko a baje shi a bainar jama'a. Ga kuma dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023. Wato mai hoton da ya manna fuskar amaryarka a allon shagonsa ba tare da ya tambaye ka ba, ba rashin kunya kaɗai ya yi ba. Amma wa ke son zuwa kotu kan hoton matarsa? Rigakafi ya fi magani. A rubuta a takarda: nawa ne kuɗin, nawa ne kafin alƙalami, waɗanne ranaku zai zo, hoto nawa za a wanke, yaushe za a kawo, da kuma batun sakin hoto. Mu da aya mafi tsawo a Alƙur'ani ta umarce mu da rubuta bashi, bai kamata mu ji nauyin rubuta wannan ba, ko da mai hoton ɗan maƙwabci ne. In ma ɗan maƙwabcin ne, rubutun ya fi zama dole, don kada zumunci ya lalace a kan albam.

Malamai sun yi saɓani kan hoto tun da daɗewa, kuma akwai gidajen da ba a ɗauka sam. Wannan ra'ayinsu ne, a girmama shi. Akwai kuma gidaje masu yawa da ba su ƙi hoto ba, namiji ne ba sa so ya shiga cikin matansu, kuma gaskiyarsu. A nan ne nake ganin mun bar wata sana'a tana kwance. 'Yan matanmu sun iya lalle, sun iya kwalliya, suna samun kuɗi da su a kowane biki, me zai hana wasu su koyi kyamara? Fati Abubakar, 'yar Maiduguri, ta ɗauki kyamara a tsakiyar rikicin Boko Haram tana nuna rayuwar yau da kullum ta mutanen Borno, har da bukukuwansu, aikinta ya zagaya duniya. Mace mai hoto za ta shiga har ƙuryar ɗaki, tsofaffi su saki jiki da ita, amarya ta yi kukanta na gaskiya a gabanta. In an samu irinta a Funtuwa ko Malumfashi, a ba ta cikin gida, a bar wa namiji wurin ɗaurin aure.

Sai batun iya aiki. Kada a ruɗe ka da hotuna biyar da ya zaɓo ya ɗora a shafinsa, kowa na iya dacewa sau biyar. Ce masa ya nuna maka aikin biki guda tun daga farko har ƙarshe, da izinin masu shi. Idan ya buɗe maka hotunan matan wani ba tare da ko ɗar ba, to ka ga yadda zai yi da naka.

Ɗaurin aure a wurinmu jarrabawa ce ga mai hoto. Yawanci ana yin sa da hantsi ko bayan sallar Juma'a, rana na tsakar ka. Mutane sun sha fararen manyan riguna masu ƙyalli, fuskoki kuwa baƙaƙe a ƙarƙashin hula da rawani. Kyamara in aka bar ta da kanta, farin shadda take bi, sai fuska ta fito duhu kamar an shafa mata gawayi, ko kuma a gyara fuskar, aikin rigar ya ɓace fari fat. Gwani yakan ja ango da abokansa zuwa inuwar darbejiya ko bakin zaure. Lokacin hunturu kuma, da bukukuwa ke yawa bayan an kai amfanin gona gida, ga hazo yana kashe launi, ƙura na shiga gilashin kyamara. A cikin ɗaki kuwa duhu ne, ba wuta, taga ƙarama. Tambaye shi fitilarsa, batir nawa yake ɗauke da su, ko kyamararsa na rubuta hoto a kati biyu lokaci guda, ko kuma yana kwafe aikin a wuri na biyu tun daren ranar. Kati na mutuwa ba sallama, biki kuwa ba a maimaita shi.

Akwai abin da ke ci mini rai ƙwarai, wato mayar da amarya fara. Yarinya baƙa kyakkyawa, a zauna da kwamfuta a kankare mata fata, a goge tsagar gado da ke kumatunta, har uwar da ta haife ta ta tsaya tana kallon hoton kamar na baƙuwa. Matsalar na da tushe mai nisa. Shekaru da yawa kamfanin Kodak na Amurka yana daidaita launin wankin fim ɗinsa da hoton Baturiya, don haka baƙar fata ba ta fitowa daidai. Amma a Bamako, Seydou Keïta da ya buɗe shagonsa a 1948, da Malick Sidibé da aka ba babbar lambar yabo ta baje kolin birnin Venice a 2007, sun ɗauki baƙar fata tana sheƙi, kowane zane na atamfa ya fito raɗau, da kayan aikin da ba su kai na wayar hannun yau sauƙi ba. Haske suka iya. Wanda bai iya haske ba shi ke fakewa da bilicin na kwamfuta.

Ko a ɗauko daga Kano ko Kaduna, ko a ba ɗan gari? Mai hali yakan so na birni, kuma lalle kayan aikinsu sun fi. Ni dai na fi karkata ga ɗan gari in ya iya. Ya san waye waliyyi, waye wakilin ango, ya san ba a ratsa gaban liman ana tsakiyar addu'a, ya san wace tsohuwa ce za ta yi fushi in aka tsallake ta. Yana da uba a garin da za a iya kai ƙara wurinsa, kuma gobe za ku haɗu a masallaci. In kuwa baƙo aka ɗauko, a nemi wanda zai tsaya masa, a ba shi masauki, kada a bar shi ya kama hanyar Sheme ko ta 'Yankara da magariba don an ƙi ciyar da shi dare ɗaya. A kuma biya shi cikon kuɗinsa a kan lokaci. Da yawan albam da ake zagin masu hoto a kansu suna nan a shago, masu su ne ba su kawo ciko ba.

A watan Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, aka yi watanni sai mutum ya yi tafiya kafin ya kira ɗan'uwansa. Wanda hotunan aurensa ke intanet a lokacin, da shi da wanda bai ɗauka ba duk ɗaya. Don haka a dage a wanke, ko da guda ashirin ne, a kuma karɓi sauran a filashi, domin hoton da aka turo ta WhatsApp yakan rasa ingancinsa, in an zo wankewa ya fito dishi-dishi. A yi kwafi biyu, ɗaya ya zauna wurin wani ɗan'uwa a wani gari. Iyalai nawa ne daga ƙauyukan Faskari da Sabuwa suka baro gidajensu cikin dare da kayan jikinsu kawai?

Kuma a ja mai hoton gefe tun da safe a nuna masa tsofaffi. Shi hankalinsa na kan amarya da ƙawayenta, nan ne kwalliya take. Kakar amarya na can ƙuryar ɗaki a kan tabarma da carbi a hannu, ba za ta fito ba sai an je an roƙe ta. A je a roƙe ta, a zaunar da jikarta kusa da ita a bakin ƙofa inda haske ke shigowa, a ɗauka sau biyu ko uku.